Shuɗin Hannu a Cinyar Jaki

Jaki ne ya haɗa su, kuma cikin su ukun shi kaɗai ya san abin da ya zo nema.

A zamanin, tun Nasara bai iso ƙasar Damagaram ba, Lawwali yana sarin shuɗin zare a marinar Malam Manu da ke Matameye, ya ɗora wa farin jakinsa, ya zaga ƙauyuka. Cinikin ba ya tafiya. Allah bai ba shi muryar talla ba. In ya ce "ga zare", sai ka zaci ta'aziyya ya zo yi.

Wata rana da hantsi yana ɗaure kaya, jakin ya tsoma baki a ƙwaryar furar da Baiwa, 'yar Malam Manu, ta kawo wa mahaifinta. Tana cikin matse zare, hannunta jiƙe da ruwan baba na rini. Ta kai wa jakin mari a cinya. Hannu ya fito raɗau a kan farin gashi, yatsu biyar, ƙaramin a karkace.

"Ka koya wa jakinka ladabi," in ji ta.

"Na gwada," in ji Lawwali. "Ya girme ni."

Ta kau da kai don kada ya ga murmushinta. Ya gani.

A kasuwar Kance ranar, matan da ba su taɓa kallonsa ba suka bi jakin suna nunawa. Kafin la'asar mangala ta zama wayam. Ba a jima ba labari ya kai Tsauni da Yauri: in kina son zaren da ba ya zuba, ki jira mai jakin hannu. Abin da bakin Lawwali ya kasa yi tun tasowarsa, cinyar jaki ta yi shi.

Amma shuni ba ya daɗewa a gashi. Da hannun ya fara dusashewa, Lawwali ya ja jakin bayan marina, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"'Yar baba, ki taimaka ki sake marinsa."

"Wane laifi ya yi?"

"Zai yi. Na san halinsa."

"Wane baban kake nufi ma? Na gida ko na rijiyar rini?"

"Wanda zai ba ni ke."

Ta mari jakin, a hankali wannan karon. Haka aka ci gaba: hannu ya dushe, Lawwali ya dawo, a yi mari, a yi hira. Ya koyi bin hanyar da ta fi ƙaiƙayi, don jakin ya goga jikinsa da wuri.

Malam Manu ya ci ribar hannun nan damina da rani yana yaba wa yaron da dabara. Sai wata rana a kasuwa ya ji wani mahauci yana cewa, duk mai wannan hannu, shi zai so ya ga sauran jikin. Malam Manu ya juya ya dubi cinyar jakin da kyau. Ya dubi ƙaramin yatsansa, wanda shi ma a karkace yake.

"Hannun 'yata kake yawo da shi kasuwa-kasuwa," ya ce wa Lawwali, "har mahauta suna taya shi? Zare zan sayar maka. Ita kuwa, ko inuwarta."

Ka lura, zaren bai hana ba.

Daga nan magana ta koma bakin Uwa, kakar Baiwa, mai sayar da daddawa. Tsohuwa ce mai riƙe saƙo kalma-kalma, sannan ta ɗora nata a kai.

"Ta ce in ce maka: Mai Jaki, ina matse zare ina kallon hanya. Ni kuma na ce ka riƙa cin abinci, duk ka rame kamar karan dawa."

"Ki ce mata: 'Yar baba, ƙaramin yatsan ne ya fara ɓacewa. Ina rufe wurin da tsumma in rana ta yi zafi."

Ana cikin haka Muntaka, ɗan wani attajiri, ya kawo gaisuwa gidan Malam Manu. Da yake mutum ne mai son abin da aka riga aka gwada, ya sayi farin jaki shi ma, ya sa wata kuyangar gidansu ta mare shi da shuni. Mata suka kawo wa Baiwa labari daga rijiya: an ga jakin hannu da sabon hannu, fal-fal, mai dogayen yatsu.

Uwa ta kawo saƙon ba tare da ta ƙara nata ba.

"Ta ce: ashe hannu kake nema, ba mai shi ba. Allah ya ba da kasuwa."

"Ki ce mata ta leƙo ta ga jakina, Inna. Fari ne tas. Babu kowa a kansa."

Saƙon bai isa ba. A makon nan cutar agana ta shigo gari, kuma Uwa na cikin waɗanda ta fara ɗauka. Aka daina cin kasuwa, aka rufe hanya. Rijiyoyin marina suka yi kumfa suka lalace. Baiwa ta kwanta, ta tashi da fuska duk rami da ido ɗaya, tana ɗauke da fushin da ba wanda ya rage ya sauke mata. Muntaka ya tuna yana da harka a Zinder.

Da aka buɗe hanya Lawwali ya zo, ya rame, jakin ya fi shi ramewa. Malam Manu yana zaune a zaure. Ya binne uwarsa da 'ya'ya biyu, kuma mahauta sun daina damunsa. Ya dubi farar cinyar jakin, ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka hana ba a sake ba, Baba."

"Ciniki fa?"

"Babu."

Tsohon ya matsa gefe, ya bar masa hanya.

Baiwa ta tsaya bayan zana, ta ƙi fitowa. Ta wata tsaga ta hango jakin. Ta ga cinyar fara tas.

"Ashe ba kai ba ne," ta ce.

"Na aiko Inna ta gaya miki."

Ta yi kuka, na Uwa da na kanta, har ta gaji.

"Ka tafi, Lawwali. Fuskar da ka sani ta tafi."

"Miƙo hannunki."

Ta miƙo ta tsakanin zanar. Hannun ma agana ta taɓa shi, amma ƙaramin yatsan na nan a karkace.

"To, ai ga ki nan," in ji shi.

Bayan girbi aka ɗaura aure, babu kiɗa, don makaɗin ma ya rasu. Da aka kawo amarya, ta tsaya a ƙofar gida ta nemi a ba ta ruwan baba. Ta tsoma hannu, ta ɗora a cinyar jakin, ta bar shi a nan har shunin ya gangara. Jakin, da ya saba da mari, ya juyo ya dube ta.

Malam Manu ya ɗaga hannuwa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda ba su ga yau ba. Allah ya sa in hannun ya dushe, mai sake shi tana kusa."

Aka shafa.