Ba a Jan Wannan Ƙafar

Warin man ne ya tarbe ta tun daga bakin ƙofa. Ta ajiye ledar magungunan mijinta, ta yaye labule.

Mijin yana kwance, an naɗe masa wando. Wani mutum mai baƙaƙen farata ya tofa yawu a tafin hannu, ya cakuɗa da mai, ya lafta masa a cinya. Surukarta na zaune a gefe tana gyaɗa kai.

"Malam, ɗauke hannunka!"

"Ke, mai ɗori ne fa," in ji surukar. "Zai ja ƙafar, ciwon ya sauka."

"Mama, ba targaɗe ba ne! Cutar kansa ce ta cinye ƙashin, likita ya nuna mana hoton, duk ramuka. Ya ce ko tuntuɓe zai iya karya shi, shi ya sa za a sa masa ƙarfe jibi. Ita za a ja?"

Mutumin ya washe baki. "Likitoci ai yanka kawai suka sani."

Da yatsu biyu ta ɗauki kwalbar man, ta dire ta a waje, ta tsaya riƙe da ƙofa har ya kwashi jakarsa ya fice.

Sannan ta juyo kan mijin.

"Kai kuma fa? Wata uku ina lallaɓa ka kamar ƙwai! Na naɗe dardumai saboda santsi, na sa maka abin riƙewa a banɗaki... shi ne ka miƙa wa wannan ƙazamin ƙafarka?"

"Masoyiya... Mama ce ta yi ta kuka."

"Ni ban iya kukan ba ne?"

Ya juya ga mahaifiyarsa. "Mama, ki yafe min. Asibiti zan je."

Tsohuwar ta fashe da kuka. "Mahaifinka ma tiyata aka shiga da shi... bai fito ba."

Matar ta dube ta. Ba ta taɓa jin surukarta ta ambaci wannan ranar ba.

Ta fita, ta dawo da ruwan ɗumi da sabulu. Har ta durƙusa, sai ta miƙa wa tsohuwar tsumman.

"Wanke masa, Mama. Ban da dannawa, shafawa kawai."

Tsohuwar ta fara shafawa. "Haka, 'yata?"

"Haka. A hankali."