Auren Gidan Tarhil

A bakin famfon sadaka da ke unguwar Balad a Jidda Zubaidatu ta fara ganinsa, cikin 1986, rana tana dukan tsakiyar kai. Tana zaune gaban tiren gyaɗarta, shi kuwa yana tsaye leɓe a bushe, yana duba bango sama da ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Balarabe ya sha ya wuce, Bapakistane ya sha ya wuce, shi ko kofin bai taɓa ba.

"Ya walad, ruwan ba na sayarwa ba ne," ta ce masa da Larabci.

Cikin Larabcinsa na ɗan koyo ya ce, "Na su wa ne? Ban ga allo ba."

"Na mai jin ƙishi."

Ya sha kofi bayan kofi, yana waige. Ta yi dariya har gyaɗa ta zube. Daga baya da ta ji dalili, dariyar ta koma ciki.

Yahya sunansa, daga Afirka ta Kudu. A can famfo da allonsa, benci da allonsa, har bakin teku an raba: nan na farare, can na baƙaƙe. Yana yaro wani ma'aikacin gwamnati ya soka masa fensir a gashi. Na uwarsa ya zame ya faɗi, nasa ya maƙale, shi ke nan aka rubuta uwa jinsi daban, ɗa jinsi daban, aka raba musu unguwa. Da ya girma ya shiga zanga-zanga, ya ƙone takardar izinin yawonsa a bainar jama'a. Aka harbe wansa a gabansa, shi ma ana nemansa. Ya biyo ayarin alhazai, ya ƙi komawa.

Ta kai shi unguwar Karantina wajen Kawu Gwadabe tela, ƙanin uwarta. Kafin shekara ta zagayo ya iya keke, ya iya Hausa, har da zagi. Tunda ita ba ta yi boko ba, kaset suke aika wa juna cikin ƙunshin ɗinki.

"Mai gyaɗata, barka da hantsi," in ji muryarsa. "Yau na ɗinke aljihun riga ruf saboda tunaninki, Kawu ya ce in na sake zai ɗinke min baki. Ni dai ban taɓa zama kusa da mutum ban ji tsoro ba sai ke."

Ita ma ta danna ta amsa: "Baƙona, ka bar ɓata kayan mutane, da me za ka ciyar da ni? Wallahi bahibbak, ina sonka. Halas, ka goge kafin Inno ta ji."

Inno kuwa, uwarta, ta ji. Ta zare zaren kaset ɗin ta cusa a murhu.

"Mu baƙaƙen fata da ake ce wa takarna, ake ce wa bayi, shi ne za ki ƙaro mana wanda ƙasarsa ma ta tofar? A nan na haife ki, iƙama, takardar zama, ba ki da ita. Shi ma ba shi da ita. Ɗanku a aljihu za ku ɓoye shi?"

"Inno, ina sonsa."

"So zai hana motar kame tsayawa? Ga Abdulghani yana nemanki, da takardar ɗan ƙasa."

Abdulghanin nan, kada a rufa masa asiri, kakansa da ƙafa ya zo daga Katsina. Amma shi tun da ya buɗe shagon turare a unguwar Aziziyya, in aka yi masa Hausa a gaban Larabawa sai ya kurmance. Ya taɓa kawo wa Zubaidatu man shafawa, ya ce, "Ki ɗan washe kafin in shigar da ke cikin mutane." Ta bai wa Kawu ya shafa wa keke.

Wata safiya motocin kame suka tsaya daidai ƙofar shagon ɗinki, ba su tsaya ko'ina ba sai nan. Aka fito da Yahya, aka fito da Kawu Gwadabe da awo a wuya, aka tura su mota kamar awaki, sai gidan tarhil, inda ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsu. Zubaidatu tana Balad. Da yamma Abdulghani ya zo da fuskar jaje, ya ce ai Yahya ne ya miƙa kansa don ya sami jirgin banza, har ya ja wa dattijo.

Ta yarda. Ta kwana biyu ba ci ba sha, tana zagin kanta.

Inno ce ta kasa haɗiye abin. Ta zauna bakin katifa ta ce, "Ƙarya yake. Ni ya tambaya inda yaron yake wuni, na gaya masa. Ban san da ɗan'uwana zai haɗa ba."

Zubaidatu ta dube ta. "Kin san abin da ke jiransa a can ƙasarsu? Ba gida ba ne, Inno. Igiya ce, ko harsashi irin na wansa."

Ta tashi ta ɗaure 'yan kayanta a zane.

"Ina za ki?"

"Inda kuka kai shi. Mutanenmu a jirgin Kano ake zuba su. In mijina ne, namu ne."

"Ke da ba ki taɓa ganin Kano ba? In kika shiga ba ke ba Jidda har abada. Ni wa zai rufe min ido?"

"Abdulghani. Ai yana da takarda."

Maganar ta yi wa tsohuwa zafi fiye da mari, amma ba ta tare ƙofa ba. Bin ta ta yi a baya har bakin tarhil, ta tsaya tana kallo 'yarta ta ce wa mai gadi, "Ba ni da iƙama, yalla, ku kama ni." Mai gadin har dariya ya yi.

Ciki zafi, wari, mutane kwance kan mutane. Katanga ce tsakanin maza da mata. Zubaidatu ta kafa baki a jikinta ta yi ta kiran Kawu har ya amsa.

"Ke 'yar nan, me ya kawo ki?"

"Aure, Kawu. Kai ne waliyyina. Ka ɗaura yau."

Sai ga muryar Yahya: "Mai gyaɗa, ki koma. Kada ki rasa ƙasarki saboda ni."

"Wace ƙasa? Wadda take kama ni tun ina goye? Ka yi shiru, Baƙona, ango ba ya surutu."

Cikin tsararrun akwai wani malami mutumin Maraɗi. Shi ya ɗaura, sadaki zoben azurfar da ke hannun Yahya, shaidu kuwa ɗaki guda na mutanen da ba su da takardar shaida ko ɗaya. Aka jefo zoben ta saman katanga. Wata mata ta rangaɗa guɗa, mai gadi ya buga ƙofa da sanda.

Ranar tantancewa aka jera su. Ma'aikacin yana tafe yana nuna mutane da biro, ta fuska yake rabawa. Da ya zo kan Yahya ya tsaya, ya kama haɓarsa ya juya ta gefe da gefe. Yahya ya san irin wannan riƙo tun ranar fensir.

"Wannan bai kai baƙinku ba. Daga ina?"

"Surukina ne," in ji Kawu Gwadabe. "Matarsa tana bayan katangar nan. Mu a wajenmu har jajaye muna haifa, ko kai ka zo mu haife ka."

Dattawan layin suka amsa baki ɗaya, "Namu ne."

Ma'aikacin ya saki haɓar, ya goge yatsunsa a riga. "Duk ɗaya ne. Kano."

Abdulghani yana nan a Aziziyya har gobe, yana sayar da turare, yana cin sahun gaba a masallaci. Ba wanda ya tuhume shi, kuma bai taɓa zuwa ya ce a yafe masa ba. Duk wanda ya san shi ya kai masa wannan labari.

Ranar tafiya Inno ta zo bakin ƙofa da ƙullin dabino, aka hana ta miƙawa. Motar mata ta fito, ta maza tana biye. Ta hango 'yarta ta wayar taga, ta hango surukin da ta sayar yana ɗaga mata hannu. Ta bi motocin da gudun tsufa, dabino yana zuba a kwalta.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zuri'a masu ƙasa. Yahya, amana, ka riƙe min ita."

"Na riƙe, Inno," ya ce ta tsakanin waya.

Motocin suka sha kwana zuwa filin jirgi, amarya a gaba, ango a baya.