Layin Ruwa a Bayan Khumra

Da la'asar sakaliya Na'ibi ya cika wayit ɗinsa karo na ƙarshe a wannan rana. Wayit ita ce tankar ruwa, haka kowa ke kiranta a Jidda, kuma ya daɗe yana jan ta tsakanin unguwar Sa'alaba da garejin Khumra. Niyyarsa ya sauke ruwan, ya saya wa kakansa burodin tamis da dafaffen waken ful, ya isa gida kafin magariba.

Yana ɗaure tiyo sai kafilinsa, wato ubangidansa Abdulmajid, ya kira shi a waya. Wai wani ne ke neman ruwa can kudu da Khumra, inda kwalta ta ƙare.

"Ya ce a turo masa direban da ke jin Hausa," in ji Abdulmajid.

Na'ibi bai so zancen ba. Ba a daɗe ba aka yi wa wani direba ɗan Yaman irin wannan kira, da ya je aka tare shi, aka raba shi da motar da iƙamarsa, takardar izinin zama. Kuma wa ke ajiye istiraha, gidan shaƙatawa, a wannan fili, inda ko akuya ba ta samun abin ci?

"Da wace lamba ya kira?"

"Lamba ba ta fito ba. Yalla, ka je ka dawo, halas."

Ya tafi, amma sai da ya jawo ƙarfen kwance taya ya ajiye gefen cinyarsa.

Ɗakunan ajiyar kaya suka ƙare. Gidajen leburori suka ƙare. Kwalta ta koma tsakuwa, tsakuwa ta koma yashi mai tauri. Rana ta yi ja ta ɓangaren teku. Ruwan da ke bayansa yana buga jikin tanki, ɗum, ɗum, duk sanda ya taka rami.

A nan ya hango mutumin.

Yana tsaye bakin hanya, riƙe da garwa. Da fari Na'ibi ya ɗauka makiyayi ne. Da ya matso sai ya ga gajeren wando na kaki, da rigar ulu mai kauri a wannan zafin, da takalman soja da babu igiya. Baƙi ne, siriri, leɓensa duk ya tsattsage. Na'ibi ya duba hagu da dama ko akwai wasu a laɓe. Babu abin laɓewa ma a wurin. Ya sauke gilashi kaɗan.

"Sannu, direba," in ji mutumin. "Kun makara. Saja ya yi ta cigiya."

Hausarsa irin ta tsofaffi ce, babu Larabci ko ɗaya a ciki. Na'ibi bai taɓa jin irinta a bakin wani ba sai kakansa.

"Kai ka kira?"

"Bari in nuna maka hanya. Ba ka iya gane ta kai kaɗai."

Na'ibi zai rantse ya kulle ƙofar. Amma ta buɗe, mutumin ya hau, ya aza garwar a kan gwiwarsa. Wari ya cika motar. Warin fetur ne, da gumi tsoho, da naman gwangwani da ya narke a rana.

Suka ci gaba. Hannun Na'ibi ɗaya na kan sitiyari, ɗayan na kan ƙarfen.

"Motarka na da kyau," mutumin ya ce. "Namu da dutse muke tokare su. Daga Wadi Halfa muke ɗauko fetur da ruwa, mu kai wa Turawan Ingila a Kufra. Babu hanya, sai garwar da na gaba suka jefar, ita muke bi. In taya ta nutse, kowa ya sauko, har Bature, a yi ta tono da hannu. Ruwa kofi guda ake ba ka. Ka sha, ka yi alwala, in Bature ne ya yi aski da ragowar. Garwar da ta ɗauko fetur jiya ita ke ɗauko ruwa yau."

Na'ibi ya ƙara damƙe ƙarfen. Ya san wannan labarin.

Kakansa, Yelwa, haifaffen Mai Wurno ne a Sudan, kuma tun bai yi gemu ba ya shiga sojan Ingila yana jan babbar mota a hamadar Libiya. Yanzu ya kusa ɗari, idonsa ya tafi, ba ya fita daga ɗakinsa a Sa'alaba. Shi ya reni Na'ibi bayan rasuwar iyayensa. A kan gwiwarsa Na'ibi ya ji yadda ake dafa shayi a gwangwanin yashi da aka jiƙa da fetur, da yadda ƙudaje ke rigan ka zuwa cokali, da yadda jirgin Italiya ke zuwa da hantsi ba ka da ko kara da za ka ɓuya a bayansa.

To wannan a ina ya ji? Fuskarsa ba ta kai ta ɗan shekara talatin ba.

Wani ne ya turo shi, Na'ibi ya raya a ransa. Wani da ya san gidanmu.

"Yelwa na nan?" mutumin ya tambaya, idonsa na kan hanya.

"Wane Yelwa?"

"Direba. Mai tsage a goshi. An ce mana ya ƙetaro teku. Wace unguwa yake?"

"Ban san shi ba."

Mutumin ya juyo a hankali. Ya shaƙi iska ta hanci, dogon shaƙa, kamar mai duba nama a kasuwa.

"Yau da safe ka yi masa wanka," ya ce. "Da sabulun magarya."

Na'ibi ya taka birki don ya juya. Motar ta ja, ta tsaya, tayoyin baya suka yi ƙasa. Ya taka totur, yashi ya tashi, ta ƙara zama.

"Mun iso," in ji mutumin, ya sauka.

Sai a lokacin Na'ibi ya gan su.

Suna zaune a layi a gindin wani tudun yashi, kowa da garwarsa a gabansa. Akwai Turawa, fuskarsu ta ƙone ta yi jawur, fatar hanci na saɓulewa. Akwai Indiyawa masu rawani da gemu. Akwai baƙaƙe irinsa. Wani ya naɗe kansa da bandeji da ya bushe ya yi baƙi. Layin ya miƙe har inda ido ya gaza.

Ba mai magana. Ba mai tari. Ƙuda na yawo a kan idon wani Bature, bai ƙifta ba.

Na'ibi ya ɗaga gilashi, ya danna makulli, ya laluba waya.  Matarsa Mastura ta ɗauka.

"Maigida, ina ka tsaya? Kaka na ta tambayar ful ɗinsa."

"Kai masa wayar," ya ce da raɗa. "Sa masa a kunne. Yi sauri."

Ya ji takunta, ya ji ƙarar labule, sannan numfashin tsohon. Ya faɗa masa abin da yake gani. Bai gama ba Kaka ya katse shi.

"Wanda ya hau motarka. Haƙorinsa na gaba a karye yake?"

"A karye yake."



"Hadi ke nan. Ni na haƙa masa kabari, ni na sallace shi." Muryar ta yi ƙasa. "Saurara, Na'ibi. Ba Hadi ba ne. Ba su ba ne duka. Waɗancan bayin Allah sun kwanta tuni. Waɗannan masu wurin ne, kayan matattu suke sawa. Ka faɗa masa inda nake?"

"A'a."

"Kada ka kashe inji. Kada ƙafarka ta taɓa ƙasa. Ka ji ni? Ko me za a yi."

"Kaka, mota ta nutse. Ruwan ya yi mata nauyi."

"To zubar musu. Amma kada ka taka ƙasa."

Layin ya miƙe tsaye. Gaba ɗaya, lokaci guda, kamar an ba da oda. Garewani suka yi ƙara.

Famfon yana can bayan tanki.

Na'ibi ya yi bisimilla, ya buɗe ƙofa, ya kama ƙarfen madubi, ya ɗora ƙafa kan siririn dakalin da ke gefen tanki. Ya manna ƙirjinsa da ƙarfen mai ɗumi, ya fara jan jiki. Yana karanta Ayatul Kursiyyu, yana ɓata, yana sakewa.

Sun matso. Yana jin yashi na ƙara ƙarƙashin takalmansu.

Wani Bature dogo, mai tauraro a kafaɗa, ya zo daidai ƙugunsa ya ɗaga masa kofi. Bakinsa na motsi. Babu abin da ke fita sai yashi, yana zubowa a haɓarsa.

Na'ibi ya kau da kai. Ya kai ƙarshen tanki. Ya sunkuya, ya miƙa hannu, ya kama kan famfon. Ya ƙi juyawa. Ya sa hannu biyu.

Ya buɗe.

Ruwa ya yi tsalle da ƙarfi, ya doki hannunsa, ƙafarsa ta hagu ta zame.

Ta taɓa ƙasa.

Yashin sanyi ne da shi kamar ƙanƙara. Wani abu ya kama idon sawunsa, busasshe, mai ƙarfi.

"Wace unguwa?" in ji muryar Hadi, daga ƙasa.

Na'ibi ya fizge da iya ƙarfinsa. Takalmin ya zauna a can. Ya haye dakalin, ya ja jiki da baya, bai san sanda ya faɗa kan kujera ba. A madubi ya ga sun rufu a kan ruwan. Ba su tara garwa ba. A gwiwa suke, fuska a ƙasa, suna sha kamar dabbobi, kuma yashin da ke ƙarƙashinsu ko danshi bai yi ba.

Ya taka totur. Motar ta yi kuka, ta girgiza. Ya sake takawa. Tanki ya yi sauƙi, tayoyi suka ciji ƙasa, ta fita.

Bai duba madubi ba kuma. Yana hawa kwalta ya ji kiran sallar magariba daga masallacin leburori, ya fashe da kuka kamar yaro.

Da ya isa Sa'alaba, Mastura na bakin ƙofa. Ta ruga za ta riƙe shi, sai muryar Kaka ta fito daga ɗaki.

"Mastura, dawo nan. Kai kuma tsaya inda kake."

Aka kamo tsohon aka zaunar da shi a tsakar gida. Ya sa Na'ibi ya karanta Falaƙi da Nasi daga bakin ƙofa, ya sa ya faɗi sunan uwarsa da na ungozomar da ta yanke masa cibiya. Na'ibi ya faɗa duka.

"Ka taka ƙasa?"

Na'ibi ya dubi ƙafarsa da babu takalmi. Mastura ma ita take kallo.

"Zamewa na yi, Kaka. Ko ƙiftawar ido ban yi ba."

Kaka ya jinjina kai. Sannan ya ba su labarin da bai taɓa bayarwa ba. Wani yammaci a hanyar Kufra suka iske irin wannan layi. Akwai wani kofur ɗan Niyuzilan tare da su, mutumin kirki, mai raba musu taba. Tausayi ya kama shi, ya sauka da butarsa. Ya dawo, ya hau mota, ya ci abinci da su, ya yi musu waƙar garinsu, har hoton matarsa ya nuna musu. A hanyar dawowa suka tsinci gawarsa a daidai inda ya sauka, ta bushe kamar ƙirgi. Da suka juya su dubi wanda ke zaune a bayan mota, babu kowa. Babu kuma yaron da ke kwana kusa da shi.

"Shi ma ya san sunan uwarsa," in ji Kaka.

Ya bar shi ya shigo. Amma a daren ya sa aka yi wa ƙofar ɗakinsa sakata ta ciki.

Na'ibi ya mayar wa Abdulmajid makullin wayit, ya kama aikin ɗaukar kaya a wani shago a Ruwais. Ba abin da ya sake biyo shi. Yana ci, yana salla, yana wasa da 'ya'yansa. Sai dai Kaka bai ƙara yarda ya yi masa wanka ba, bai ƙara karɓar kofi daga hannunsa ba. In ya shiga gaishe shi, sai tsohon ya ce Mastura ta zo ta zauna a tsakaninsu.

Da ciwon ajali ya kama Kaka, Na'ibi ya durƙusa gefen katifa, ya kama hannunsa. Kaka ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya shafa fuskar, ya daɗe a kan goshi.

"In kai ne, Allah ya yi maka albarka," ya ce. "In ba kai ba ne, ka bar mini yaran nan."

Mastura na tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Ba ta taɓa tayar masa da maganar ba. Amma tun daga ranar, yara a ɗakinta suke kwana, ita kuma a bakin ƙofa take shimfiɗa.