Baƙon Da Ke Cikin Baƙin Dutse

Rana ta yi ja a kan rufin gidajen Barroquinha, wata unguwa a ƙasar da ke hayin teku inda ake kai bayi, lokacin da Jummai ta tone tokar murhunta. 'Yantacciyar baiwa ce, sana'arta gasa dutse. Daga tsaunukan cikin ƙasa ake kawo mata shi, mai kama da gilashi amma da duhu kamar hayaƙi a cikinsa. In ya wuni cikin toka mai zafi sai ya fito garau kamar ruwa, masu yin tabarau a unguwar kasuwa ta Comércio su saya.

Ran nan da ta zaro wani babba, ko tsuntsu bai yi motsi ba. Sai tsakuwa ta faɗo tsakar gida, wata ta bi ta. 'Yarta Lantana, da ke alwala, ta saki buta ta miƙe, idanunta sun kafe.

Kwana shida, kullum da almuru, sai jifa. Lantana ta daina cin abinci, tana gurnani da muryar tsoho. Maƙwabta suka ce Jummai ta bar gidan. Ta ce an taɓa fitar da ita daga gida sau ɗaya, da igiya a wuya, kuma ya isa.

A rana ta bakwai ta ɗauko Malam Zubairu, tsohon da ke karantar da Hausawan unguwar a ɓoye. Ya zauna gaban Lantana, ya yi ta karatu har jikinta ya ɗauki rawa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Duhun da Jummai ta ƙona ɗakina ne," muryar ta amsa. "Tun kafin a haifi kakanninku nake cikinsa. An fasa tsaunina, an ɗauro ni a buhu."

"Me kake so?"

"Yarinyar. Ta yi mini bauta shekara bakwai."

Jummai ta matso, ta riƙe wuyan hannun 'yarta.

"Allah gafarta Malam, ka gaya masa wannan da 'yancinta na haife ta. Ko yini ɗaya ba za ta yi wa kowa bauta ba, mutum ko aljan."

Tukwane suka kife, garwashi ya watse. Ba ta saki hannun ba.

Malam ya jawo wani baƙin dutse da ba a gasa ba, ya ajiye tsakaninsu. "Ga ɗaki. Shiga, ko in ci gaba da karatu."

Muryar ta yi ƙasa. "Wa zai mayar da ni gida?"

Jummai ta dubi dutsen. "Ni. Ba don tsoronka ba."

Lantana ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Da gari ya waye Jummai ta bi ayarin masu alfadarai, dutsen ƙulle a bakin zaninta. Tafiyar kwana goma sha biyu ce. Ita kuwa shekara talatin ke nan tana jiran wanda zai mayar da ita gida.