Ranar da Chipego Ta Riƙe Harshenta

Tun kafin rana ta fito Chipego ta ƙona rigarta da dutsen guga. Ta yi wurgi da ita kan gado tana tsaki. Mahaifiyarta, da ke hura gawayi a bakin ƙofa, ta leƙo.

"Rigar ce ta yi miki laifi, ko Ba Chileshe ce kike gogewa?" A can, "Ba" kalmar girmamawa ce da ake sawa kafin suna.

"Baama, ki bar ni. Yau idan matar nan ta sake taɓa ni, sai na wanke ta tas a gaban kowa."

Chipego ce mai kula da sito a kamfanin niƙa masara na Ba Kapembwa da ke garin Kabwe, kuma ɗan autan mai kamfanin, Kasonde, shi ke neman aurenta. Matsalar ita ce yayarsa Chileshe, manajar kamfanin, wadda ta goya shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta rantse ƙaninta ba zai auri yarinya mai baki kamar reza ba. Ba ƙarya ta yi duka ba, don Chipego ba ta barin ta-kwana. Ga shi yanzu masara mai yawa ta yi fumfuna a sito. Chileshe ce ta kira ta a waya ta ce a karɓi masarar da danshinta, Kasonde na zaune kusa da ita a mota yana ji. Yau kuwa mitin ne tun safe har yamma, na ƙarshe a gaban tsoho Ba Kapembwa da kansa.

"Faɗan take nema ki yi, don uban ya gani da idonsa," in ji uwar. "Zo nan, durƙusa."

Suka durƙusa a kan tabarma, uwar ta riƙe hannayenta.

"Ya Ubangiji, mun gode da ka tashe mu lafiya. Ga 'yarka za ta shiga cikin mutane yau, ka san zuciyarta da saurin tafasa. Ka riga ta shiga kowane ɗaki. Ka ba ta kunnen saurare kafin bakin magana. Wanda ya zo mata da wuta, ka sa ta tare shi da ruwa. Ka ba ta salamarka, cikin sunan Yesu."

"Amin," in ji Chipego.

A mitin ɗin manoma Chileshe ta katse ta tana tsakiyar bayani. Chipego ta yi shiru har ta gama, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya. A na direbobi kuwa cewa ta yi, "Wasu sun ɗauka zoben alkawari shi ne takardar shaidar iya aiki." Aka yi 'yar dariya. Chipego ta matse biro har yatsunta suka yi zafi, sannan ta ci gaba da aikinta.

Da rana Kasonde ya same ta a bayan sito, ko taɓa nshima, tuwon masarar da ta zo da shi, ba ta yi ba.

"Chipe, ki yi haƙuri. Ita ce uwata, ita ce yayata. Idan na buɗe baki..."

"Ban ce ka zaɓi ɗaya a cikinmu ba. Amma ka san abin da kunnenka ya ji."

Ya tafi kansa a sunkuye. Sai a nan hawaye suka zubo mata. Ta share da gefen zaninta, ta ce a hankali, "Ubangiji, saura ɗaya. Kada ka sake ni."

Da yamma aka hallara a ofishin Ba Kapembwa. Chileshe ta miƙe ta fuskanci mahaifinta.

"Tata, sakacin mai sito ne ya jawo mana wannan asara. Wadda ba ta iya tsare buhu ba, ita za a ba wa gida ta tsare? Dama ai kowa da irin tarbiyyar gidansu."

Maganar ta soki Chipego har ƙashi. Amsar na kan harshenta, mai kaifi, a shirye. Ta haɗiye ta, ta ja numfashi.

"Ba Kapembwa, masarar a hannuna ta lalace, kuma na yi baƙin ciki. Akwai wadda ba ta taɓu ba. Idan aka ba ni mutane gobe da sassafe, za mu ware ta mu shanya."

"Shi ke nan abin da za ki ce?" in ji tsohon.

"Shi ke nan."

Sai aka ji ƙarar kujera — Kasonde ne ya miƙe.

"Tata, ina cikin motar ranar. Ba Chileshe ce ta ce a karɓa. Chipego ta ce akwai danshi, aka ce ta yi abin da aka sa ta." Ya juya ga yayarsa, idonsa cike da ƙwalla. "Ki gafarce ni. Ke kika koya mini kada in yi ƙarya."

Fuskar tsohon ta murtuke. "Chileshe, ki ajiye makullan ofis."

"Don Allah a'a," in ji Chipego, ta sauko ƙasa bisa gwiwoyinta. "A ranar nan ana ruwan sama, manoman sun taho daga nesa, mata da goyo a baya. Tausayinsu ta ji. Kada a kore ta saboda tausayi."

Chileshe ta dube ta kamar yau ta fara ganinta, sai ta rufe fuska da hannuwa ta fashe da kuka. Ba Kapembwa ya daɗe yana kallonsu, sannan ya yi murmushi.

"An ce mini ɗana zai kwaso wuta ya kawo gida. Tashi, 'yata. Ki gaya wa mahaifiyarki muna zuwa a sa rana."

Bayan girbi aka ɗaura auren, coci ya cika har waje. Chileshe ce ta ɗaura wa amarya lulluɓi da hannunta, kuma ita ta fi kowa guɗa.

'Yan uwana matasa, ba duk maganar da ta zo baki ake furtawa ba. Da Chipego ta rama a ranar nan, da ta ci gardama ta rasa gida. Wanda ya fara yininsa a gaban Allah, ba ya jin tsoron zama a gaban mutane, kuma mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.