Sabulu a Kan Nozul

A garin Tsiga akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai rawar kai. Babanta, Malam Sanda, yana da tsohuwar akori-kura mai shan gas. Ya yi mata alkawarin zai tafi da ita Funtua ran da zai kai auduga. Ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar tafiya aka loda auduga har ta ɗara kan mota. Baba ya buɗe bonet zai zuba ruwa, sai maƙwabci ya kira shi. Yarinya ta leƙa. Wari ya bugi hancinta. Ga gindin wani ƙarfe a jikin inji ya jiƙe sharkaf da gas.

Ta waiga wajen Baba. In Baba ya gani, an fasa tafiya ke nan.

Ta tuna ta taɓa ganin wani direba ya liƙe tankinsa da sabulu. Ta ruga ta ɗauko na Inna, ta cusa a wurin.

Inna ta ɗaga murya daga cikin gida. "Ke! Ina sabuluna? Yanzu fa na ajiye shi!"

"Ko akuya ce ta ɗauka, Inna."

"Akuya? Wanki za ta yi? Ni dai kin ishe ni!"

Baba ya dawo da sauri, ya zuba ruwa, ya rufe bonet. Suka kama hanya.

Suna dab da Bakori, hayaƙi ya turnuƙe gaban mota. Baba ya taka birki ya kashe inji.

"Sauka! Sauka maza! Auduga ce fa a bayanmu!"

Allah ya kiyaye, wuta ba ta tashi ba. Saura kaɗan noman shekara guda ya zama toka.

Wani makanike mai suna Amos, wanda ya san Baba, ya taso daga garejinsa da ke bakin hanya. Ya leƙa, ya shinshina.

"Malam Sanda, wa ya yi wa injin nan wanka?"

Yarinya ta fashe da kuka. "Ni ce. Na ga yana yoyo, na ji tsoron a fasa tafiya, sai na liƙe da sabulu yadda na ga wani direba ya yi wa tankinsa."

Baba ya riƙe baki. "Kin gani kika yi shiru? Sabulu? Wai ke me ke cikin kanki ne?"

Amos ya ce, "'Yata, wannan nozul ne, shi ke fesa wa inji mai. Man tanki a kwance yake. Na nan kuwa da ƙarfi yake fitowa, ga zafi. Ungo tsumma, ke kika shafa, ke za ki goge."

Da inji ya huce ta yi ta gugar sabulu har yatsunta suka yi ciwo. Wuri ya bushe. Baba ya tayar da mota, duk suka zuba ido.

"Ga shi can yana tsattsafowa!" in ji ta.

Ashe wani ɗan zoben tagulla ne ya cinye. Amos ya sa sabo ya ɗaure. Aka sake tayarwa, ko ɗigo babu.

A hanya ta ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma daga yau, me za ki yi in kin ga ɓarna?"

"Zan faɗa."

Suka shiga Funtua da la'asar, auduga lafiya lau.

Yara, don Allah ku ji. In kun ga abu ya lalace, kada ku rufe shi. Ku gaya wa babba tun da wuri.