Geron da ya tsiro a cikin batir

Da aka buɗe akwatin intanet na bakin titi, abin da Sufeto ya fara gani tsiro ne, kore shar, siriri kamar allura, ya leƙo ta murfin batir. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Ya taɓa ganin ciyawa a kan rufin mota, amma bai taɓa ganin batir ya yi ganye ba.

Aka fasa batirin. Yashi ne cike da cikinsa, sai wani ƙaramin batirin babur da aka binne a tsakiya. Sauran batira ukun da ke cikin akwatin ma haka.

Manajan kamfanin ya nuna Dogo, mai gyaran da ya ɗaura su. "Makulli a hannunsa yake, kwaɗo kuma lafiyarsa ƙalau. Ku tafi da shi."

Aka sa wa Dogo ankwa.

Sufeto ya tuge tsiron ya sa a aljihu, ya nufi ɗakin da ake sa ido kan na'urori. Matar da ke gadin allon, wadda suke kira Mai Allo, ta nuna masa wani jan ɗigo.

"Wannan akwatin ya hana ni sakat, Yallaɓai. Na tayar da shi daga nan, na sa an canja waya, an canja na'urar. Sai daga baya na lura ba ya mutuwa sai in an ɗauke wuta."

"Allon bai gaya miki batirin banza ne ba?"

"Lafiya lau yake nuna min. Ɗan batirin babur ɗin ne ke yaudarar mita. Da ya ɗauki nauyi kaɗan sai ya sume."

Telan da shagonsa ke jikin akwatin ya ce shi ko fitila ba ya iya gyarawa, kuma bai ga kowa ya buɗe ba tun ranar da aka ɗaura. Direban kamfanin ya rantse a rufe ya ɗauko kwalayen batiran, da salatif ɗin sito a jikinsu, a gaban tela kuma Dogo ya yanka. Tela ya ce haka aka yi.

"Ka gwada su?" Sufeto ya tambayi Dogo.

"Na sa mita, Yallaɓai, ta nuna cike. Nauyin ma daidai. Wallahi ban ci ba, kar a ce in yi amai."

"Kana kiwo?"

Dogo ya yi sororo. "Kiwo? A bene nake haya. Ko kyanwa mai gidan ba ya bari."

Sufeto ya koma ya tankaɗe yashin a kan tebur. Ya sami ƙwayoyin gero, da busasshen kashin tsuntsu, da wani ɗan gashi mai ruwan toka.

Daga nan ya wuce siton kamfanin. Mai sito dattijo ne, shi ya koya wa Dogo riƙon filaya. Ya tarbi Sufeto da kujera.

"Yaron nan ya ba ni kunya," in ji shi. "Ɗana na ɗauke shi."

"Baba, wa ke liƙa salatif a kwali?"

"Ni, bayan na duba kaya."

Nan take aka ɗauke wuta. Fankar silin ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya. Sito ya yi tsit. Sai Sufeto ya jiyo kukan tantabaru daga baya, da ƙarar wata fanka da ba ta tsaya ba.

"Zauna mana, Yallaɓai, yanzu za a kawo..."

Sufeto ya riga ya tura ƙofar baya. Akurki ne babba, an shimfiɗe ƙasansa da yashi, gero warwatse a kai. Fanka na fifita tsuntsayen. Ya bi wayarta ya ɗaga wani buhu, sai ga batira huɗu sababbi fil da tambarin kamfani.

"Kwalayen a rufe suka isa titi, to a nan aka yi musanyar," in ji Sufeto. "Ka nemi tsofaffin kwanson batir, ka cika su da yashin da ya fi kusa da hannunka, ka manta tsuntsayenka suna zubar da abinci. Rufin akwatin na yoyo. Gero kuwa ba ya jin ruwa ya yi shiru." Ya ajiye tsiron a tafin dattijon.

Mai sito ya kalle shi. "Zafi ne ke kashe min 'ya'yansu," ya ce a hankali.

"Ɗan mutum fa?"

Mai sito ya rufe tafinsa a kan tsiron.

Aka kawo Dogo, aka cire ankwar daga hannunsa aka mayar a na dattijon. Manaja ya yi ta gyaran murya yana cewa Dogo ya dawo aiki gobe da wuri. A bakin mota Mai sito ya waiwayo.

"Dogo, wa zai ba su ruwa?"

Dogo yana murza wuyan hannunsa inda ƙarfe ya yi masa shati. Ya shiga akurkin, ya cire wayar fankar, ya kwashe batiran ɗaya bayan ɗaya ya loda a mota. Sannan ya koma ya cika musu kwanon.